Ɗuri Biyu a Bindigar Babanka

Gida, kusa da Paoli, Indiana
Alhamis, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Duane,

Ina gaishe ka gaisuwar uwa da ta daɗe ba ta sa ɗanta a ido ba, ina kuma roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta iske ku lafiya, kai da Colleen da 'yan matan nan biyu. Allah ya tsare ka a bakin aikinka, ya kare ku daga sanyin Alaska, wanda ni ko a hoto na gan shi sai na jawo bargo. Mu ma nan da sauƙi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, in za a yi ruwa ita ke fara sanar da ni kafin rediyo.

An gama yankan masara a gonar gabas ranar Litinin ta makon jiya, 'ya'yan Qualkenbush da ke noma ta yanzu sun ce bana ta yi kyau fiye da yadda aka zata bayan farin watan Yuli. Gwaggonka Arlene ta fito daga asibiti, an sa mata sabon ƙugu, tana takawa da sanda tana yi wa kowa faɗa, alamar ta warke ke nan. An gyara rufin coci, amma har yanzu yana ɗiga daidai kan bencin da dangin Stroud ke zama, sun kuma ƙi matsawa. Kanyar da ke bayan gidanmu ta zuba sosai, na tace na cika firiza.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina alhali ga waya. Dalili shi ne babanka ba ya nisa da kicin yanzu, kuma duk kurumtar da yake kuka da ita, in ya ji sunanka a bakina kunnensa garau yake buɗewa. Maganar da zan yi ba ta gaban idonsa ba ce. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Yana nan da ransa, ba abin da ya taɓa jikinsa, na fara da wannan don kada gabanka ya faɗi. Amma ranar Asabar saura ƙiris, Duane.

Ka san bindigar nan da ka sa aka ƙera masa da ya cika shekara saba'in, mai ɗuri ta baki, wadda ke cin albarushi marar hayaƙi. Shekara uku ke nan ba shi da hira sai tata. To bana ya ce harbinta ya fara watsewa, kuma laifin na kwanson robar nan ne da ake zaunar da harsashi a ciki kafin a tura shi bututu, abin da kuke ce wa sabot. Sai ya aika aka kawo masa iri uku, baƙi da ja da ruwan lemo, ya ce sai ya gano wanda bindigar ke so kafin a buɗe farautar barewa ta masu ɗuri a Disamba. Ya kafa teburinsa na katako bayan rumbu, ya jera buhunan yashi, ya manna takardar saiti a yadi ɗari jikin tudun bakin rafi. Da safe yakan auna albarushin a ɗaki, ya zuba a 'yan kwalabe, kowane harbi da kwalbarsa. In ya yi harbi ɗaya sai an jira minti goma sha biyar bututun ya huce, wai in da zafi robar laushi take yi ta ɓata saiti. Cikin jiran nan yake bin ciyawa yana tsinto kwansunan da suka faɗi, ya juya su ya duba gindinsu kamar likita da mara lafiya.

Tun farkon Oktoba ya ce in riƙa rako shi ina rubuta masa sakamako a littafinsa, wai sanyi na sa hannunsa rawa. Shekara arba'in da shida muna tare bai taɓa gayyata ta wurin harbi ba, don haka na ji daɗi har raina, na riƙa dafa gahawa ina zuba wa a fulas ina binsa kamar amarya. Baƙaƙen kwansunan sun watse faɗin tafin hannu. Ruwan lemon su kan haɗa biyu wuri ɗaya, na uku ya tafi yawonsa. Jajayen kuwa, ranar farko ya zuba uku a wurin da murfin kwalbar zuma zai rufe, ya ɗauko takardar ya manna ta jikin firij kamar sakamakon jarrabawarka na firamare. A ranar ce ya nuna mini zoben salatif rawaya da ya naɗa jikin sandar ɗuri. Ya ce in ɗuri ya zauna daidai, salatif ɗin daidai bakin bututu yake tsayawa, in ya tsaya sama da nan kuwa, a ajiye bindiga, kada a taɓa kunamarta. Na san kai ma haka ya koya maka. Yanzu da nake tunani, ina jin ba don sanyi ya kira ni ba. Ina jin ya fara tsoron kansa ne bai iya faɗa ba.

Akwai abubuwan da na gani tun bazara na ɓoye maka, ka yafe mini. A watan Yuni na tarar da makullin a-kori-kura cikin kwanon man shanu. A Agusta muna dawowa daga coci ya wuce kwanar gidanmu, hanyar da ya fi shekara sittin yana bi, sai da muka kai gadar ƙarfe ya tsaya ya ce wai so yake ya duba ruwan rafi. Sau biyu yana kiran karenmu na yanzu da sunan Duke, wanda ya mutu tun kana sakandare. Kowanne na ce tsufa ne, ni ma ai nakan shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni.

Ranar Asabar da hantsi muna bayan rumbu sai ga Harlan Wininger, abokin farautarsa, ya shigo da tsohuwar motarsa. Tun kafin ya kashe inji ya leƙo ta taga ya ce, "Merle, har yanzu takarda kake kashewa? Takardun gundumar nan sun shiga uku da kai." Babanka ya ce gara shi yana samun takardar, ba irin wani ba da bara barewa ta tsaya tana kallonsa har ta gaji ta yi tafiyarta. Harlan ya ce tausayi ya ji, da gani tana da iyali. Ka dai san su. A lokacin babanka ya riga ya yi harbi biyu da jajayen, dukansu kusa da juna, ya kuma ɗura na uku a gaban idona, ya kwantar da bindigar kan buhun yashi. Sai Harlan ya ce ya zo ya ga abin da kyamarar da ya ɗaure a dajin bayan gonarsa ta ɗauko, wani ƙaton namijin barewa mai rassan ƙaho goma. Suka jingina da mota suna gardama a kan hoton, wannan ya ce shekararsa biyar, wancan ya ce shida, har kusan minti ashirin. Ni kuma na shiga gida na ɗauko wa Harlan kofi.

Da na dawo na tarar babanka tsaye da bindigar, gindinta a ƙasa, yana juye kwalbar albarushi a bakinta, bakinsa bai daina zancen ƙahon nan ba. Na tsaya ina tambayar kaina, shin ya harba na ukun ne ina cikin gida? Ai da na ji ƙara, tagogin kicin har rawa suke in ya harba. Ko kuwa ni ce na ruɗe, bai ɗura ba tun farko? Ina cikin wannan ya sa harsashi a jan kwanso, ya tura da sanda, ya danna da nauyin jikinsa kamar yadda ya saba. Duane, salatif ɗin bai sauka ba. Ya tsaya sama da bakin bututu da faɗin yatsa uku, rawaya shar, ina kallonsa da idona. Shi kuwa ko kallon wurin bai yi ba, fuskarsa na wajen Harlan. Ya zare sandar, ya zauna, ya sa 'yar hular ƙyastu mai kunna albarushi, ya kwantar da kumatunsa jikin bindigar.

Allah ya gafarta mini, sai da na yi jinkiri. Ban taɓa gyara wa babanka magana a kan bindiga ba, balle a gaban abokinsa. Ina ganin yatsansa na neman kunama. Ban san lokacin da kofin ya faɗi daga hannuna ba. Na ƙwala masa kira da muryar da ban san ina da ita ba, na fizge hular sanyina na rufe madubin hangen bindigar da ita, na ce kada ya harba, ɗuri biyu ne a ciki.

Ya ɗago yana dubana kamar na mare shi. Ya ce, "Verna, tun ba ki iya soya ƙwai ba nake ɗura bindiga. Ɗauke hularki." Na ce ba zan ɗauke ba. Ya ce in matsa, ina ba shi kunya. Na ce ya kunyata ɗin, amma sai an mayar da sandar nan an duba. Wuyansa ya yi ja, ka san yadda yake yi. Harlan ne ya cece mu. Ya daina dariya, ya matso a hankali ya ce, "Tsoho, cire yatsanka daga nan. In mun duba ba komai, ni da kaina zan tsaya ka yi wa Verna dariya har Kirsimeti." Babanka ya cire hular ƙyastun, ya tayar da bindigar bakinta na kallon sama nesa da fuskarsa, ya saki sandar a ciki. Ta tsaya cak, salatif ɗin a sama. Ina jin ƙarar injin busar da masara na Qualkenbush daga can tsallaken hanya, ita kaɗai.

Suka kwance toshiyar ƙarfen nan da ake murɗawa a gindin bututu, suka turo abin da ke ciki kan tsohuwar jarida. Albarushi, harsashi, albarushi, harsashi. Harsasai biyu cikin jajayen kwansuna biyu suka gangaro suka tsaya gefen fulas. Babanka ya zuba musu ido, jinin fuskarsa ya janye. Ya ce Harlan ne ya ɗauke masa hankali da hoton banza. Harlan ya ce ƙwarai laifinsa ne, shi da surutunsa, kowa na iya yin haka. Sai babanka ya karɓi littafin daga hannuna ya yi rubutu da kansa, ya rufe, ya kwashe kayansa ya shiga gida. Na raka Harlan mota. Ya ce mini ya san wani mutum a gundumar kudu da ya yi irin wannan da albarushi marar hayaƙi, bututun ya tsage kamar an ɓare ayaba, ya rasa yatsu uku da ido ɗaya, kuma likitoci sun ce sa'a ya yi. Ya ce da Merle ya ja kunamar nan, kumatunsa a inda yake, ni kuma tsaye a kafaɗarsa, da bai san wanda zai fara ɗauka a cikinmu ba. Sannan ya tambaye ni ko wannan ne karo na farko da na ga wani abu. Na kawar da kai, ya kuwa gane.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce kuskure ne na ci gaba da yaudarar kaina. Ranar Lahadi mun je coci lafiya. Litinin ya gyara ƙofar kejin kaji. Ranar Talata da safe, bayan mun karya, sai na gan shi ya fito da bindigar da akwatin kwalabensa, yana fito da baki, ya ce in ɗauko littafi da fulas, yau iska ta kwanta, zai ƙarasa gwajin jajayen. Na ce, "Merle, bayan abin da ya faru ranar Asabar?" Ya ce me ya faru ranar Asabar? Na ce harsasai biyun nan. Ya ce waɗanne harsasai biyu? Na duba idonsa ko wasa yake, ko taurin kai ne irin nasa. Ba ko ɗaya. Ya tuna Harlan ya zo, ya tuna barewa mai rassa goma, har ya ce shekararta biyar ba shida ba. Sauran duk babu, kamar an goge allo.

Na buɗe littafin na miƙa masa. Ga rubutunsa nan mai karkata, da fensir: kwanan wata, sannan, "Na ɗura sau biyu. Ban sani ba. Verna ce ta gani." Ya karanta a tsaye, ya jawo kujera ya zauna ya sake karantawa, ya bi layin da yatsa kamar yana neman inda wani ya kwaikwayi hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, haka Kaka Orval ya fara. Kai kana ƙarami lokacin, amma ka tuna yadda muka riƙa nemo kakan naka a titi sanye da kayan barci yana neman shanun da aka sayar tun shekara ashirin. Babanka shi ya yi jinyarsa shekara shida. Ya san hanyar nan kwana-kwana.

Ya tashi ya ɗauko sifana, ya kwance toshiyar nan ta gindin bututu, wadda in babu ita bindigar sanda ce kawai. Ya kama hannuna ya sa mini ita a tafi, ya rufe yatsuna a kanta da nasa hannun. Ya ce in ɓoye ta inda ba zai gani ba. Ya ce, "Ranar na zuwa da zan ce ki ba ni. Kada ki ba ni, Verna. Ko na roƙe ki, ko na zage ki. Wanda ke miki magana yanzu shi za ki yi wa biyayya, ba wancan ba." Ya kuma sa na yi alkawarin ba zan gaya maka ba, wai kada ka ga kamar kyautarka ce ta so kashe shi, kuma kada ka bar aikinka ka taho saboda tsoho. Na yi masa alkawari biyun. A ranar na kai wa Harlan makullin kabad ɗin sauran bindigogin, na kuma samo mana ganin likita ranar ashirin ga wata.

Na zaci ranar da ya ambata tana can gaba, wata shida ko shekara. Yau da safe ta zo, kwana biyu kacal. Ya tashi da neman toshiyar. Ya zazzage akwatin kayan aikinsa a ƙasan gareji, ya birkice aljihunan teburin kicin, sannan ya juyo kaina. Na ce shi ya ba ni, shi ya ce kada in mayar. Ya ce ƙarya nake. Na kawo littafin, ya bige shi daga hannuna. Ya ce ni da Harlan mun haɗa baki mu mayar da shi mahaukaci a gidansa, ya kira ni da sunan da ba zan rubuta wa ɗana ba, wanda bai taɓa fita daga bakinsa ba tun ranar da ya fara zuwa ƙofar gidanmu. Ya tsaya a kaina, ka san tsawonsa, kuma karo na farko a rayuwata na ji tsoron babanka, har na lura idona na auna tazarar da ke tsakanina da ƙofa. Bai taɓa ni ba. Ya fita ya buga ƙofar, ya yi ta zagaya rumbu. Ban ba shi ba. Da tsakar rana ya shigo riƙe da ƙwai huɗu cikin hularsa, ya dube ni ya ce, "Me ya sami idonki, tsohuwa? Albasa kika yanka?" Ya ɗora ruwa ya haɗa mini gahawa da kansa, da sukari biyu yadda nake so.

Alkawari na farko ina nan riƙe da shi, kuma zan riƙe iyakar ƙarfina. Na biyun ga shi na karya da wannan takarda, don ba zan iya ni kaɗai ba. Ana buɗe farautar farkon Disamba. Ya san lambar maƙerin da ya yi bindigar, waya ɗaya zai buga a aiko masa wata toshiyar cikin kwana uku, kuma akwai mutum goma a garin nan da za su ara masa bindiga da murna, don ba wanda ya san komai sai Harlan. Kullum in na ji ƙarar motar masu kawo saƙo a bakin hanya sai na riga shi fita in ga abin da aka kawo.

Ka zo mana bikin godiya na ƙarshen watan nan, Duane, ko kai kaɗai ne in kuɗin jirgin ku huɗu zai yi yawa. In ka zo kada ka ce ka zo karɓar bindiga, ba zai jure wannan daga ɗansa ba. Ka ce so kake ya koya maka ɗurinta, kai ka ɗura, kai ka harba, shi ya zauna gefenka yana yi maka faɗa. In hali ya yi ka tsaya har a buɗe farauta ku shiga daji tare, bindigar a hannunka. Daga nan sai ta bi ka Alaska, mu ce ka ara. In ka kira waya kafin nan, ka yi masa hira yadda ka saba, ka bar shi ya ba ka labarin barewar Harlan ko sau nawa ne, kada ka ce ya riga ya faɗa maka.

Ka gaishe mini da Colleen, ka nuna mata wasiƙar nan, ita ma ta yi jinyar mahaifiyarta, za ta san abin da ban iya rubutawa ba. Ka sumbaci Tessa da Marnie, ka ce Kaka ta ga hoton kifin da suka kama, ta kuma yarda ya fi na babansu girma. 'Yan matan kada su ji komai tukuna. Gwaggo Arlene na gaishe ku, Harlan ma ya ce in gaishe ka, ya ce shi zai ɗauko ka daga filin jirgi ko ƙarfe nawa ka sauka. Zan tsaya nan in kai takardar akwatin gidan waya kafin ya tashi daga barcin rana. Ka sa mu a addu'a. Allah ya kawo ka lafiya, ya kuma sa ka tarar da shi a ranarsa mai kyau.

Mahaifiyarka mai jiran ka,
Verna